Da bai so ta ba fa?

Makon jiya 'yar wana ta turo mini wani labarin soyayya ta waya, da ɗan saƙo a ƙarƙashinsa: "Gwaggo, don Allah ki karanta wannan, wallahi sai kin yi kuka." Na karanta, na kuma yi kukan. Dare biyu na yi a kansa, kuma marubuciyar ta iya jan zare, wannan ba na musu.

A ƙasar Turawa aka gina labarin. Miji da mata ne masu hali, sun shekara tara babu haihuwa, likita ya ce mahaifar matar ba za ta riƙe ciki ba. Sai aka haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a asibiti, aka dasa a mahaifar wata yarinya da ke neman kuɗin jinyar mahaifiyarta. Aka rubuta yarjejeniya, aka sa hannu, aka biya kafin alƙalami. Ciki yana wata huɗu matar ta rasu a haɗarin mota. Mijin ya kulle kansa a ɗaki, ya daina ci, ya daina zuwa aiki, ga kuma wata baƙuwa tana yawo da abu ɗaya tak da ya rage masa na matarsa. Ranar da ya fara jin motsin ɗan, ranar ya fara dawowa hayyacinsa. Daga tausayi aka koma shaƙuwa, daga shaƙuwa aka koma so. Babi na ƙarshe ɗaurin aure ne, jariri a hannun amarya.

Da na share hawaye na ajiye waya, tambaya ɗaya ta hana ni barci: da bai so ta ba fa?

Da bai so ta ba, ranar da ta haihu za a ɗauke ɗan daga jikinta tun cibiya ba ta faɗi ba, a cika mata ragowar kuɗinta, ta koma gida da ɗinki da nono cike da ruwa. Haka yarjejeniyar ta tanada, kuma haka take ƙarewa ga kusan duk matan da ke wannan aiki a zahiri, domin a zahiri matar gida ba ta mutuwa, maigida kuma ba ya auren wadda aka yi hayar mahaifarta. Marubuciyar ta kashe mace ɗaya ta aurar da ɗayar ne don kada ta tsaya a wannan ranar. Ni kuwa nan ne nake ganin labarin yake, kuma tun da na fara cin karo da irin wannan jigo a rubuce-rubucen da 'yan matanmu ke yaɗawa a WhatsApp da Wattpad da Hausa, na ga ya kamata mu yi maganar tun kafin mu saba da ita a matsayin abu mai daɗin ji.

Ranar rabuwar nan tana da tarihi a kotuna. A watan Maris na 1986, a jihar New Jersey ta Amurka, wata mata mai suna Mary Beth Whitehead ta haifi 'ya mace bayan ta yi yarjejeniya da wani magidanci, William Stern, a kan dala 10,000. A nata lamarin ma ƙwan nata ne, wato 'yar jininta ce. Ta miƙa jaririyar, washegari ta dawo tana kuka tana roƙo a ba ta ita, daga baya ta gudu da ita jihar Florida har sai da 'yan sanda suka ƙwato ta. Shari'a ta kai kotun ƙolin jihar, wadda a 1988 ta rushe yarjejeniyar, ta ce akwai abubuwan da kuɗi ba ya saye a al'ummar da ta san ciwon kanta. Amma riƙon yarinyar uban aka ba, uwar ta samu izinin ziyara. Babu wanda ya fita daga wannan shari'a da dariya.

Bayan haka sana'ar ta yi ƙaura zuwa inda mahaifa ta fi araha. Garin Anand da ke jihar Gujarat a Indiya ya yi suna da gidajen da aka riƙa ajiye mata masu cikin haya, gado kusa da gado, nesa da mazansu da 'ya'yansu har su haihu. Indiya ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, sannan ta yi dokar 2021 da ta hana karɓar kuɗi a kai baki ɗaya. A Tailan, a 2014, duniya ta ji labarin wasu tagwaye da wata matashiya mai sayar da abinci ta haifa wa wasu ma'aurata 'yan Ostireliya: aka tafi da macen, namijin da aka haifa da lalura ya zauna a hannun wadda ta haife shi. An yi ta jayayya a kan wa ya ƙi wa, amma ƙasar ba ta jira ba, a 2015 ta haramta wa baƙi wannan ciniki. A Yukiren kuma, lokacin kullen korona a 2020, an nuna jarirai masu yawa jere a gadaje a wani otal a Kiyef, waɗanda suka biya kuɗinsu sun kasa shigowa saboda an rufe iyakoki. Da yaƙi ya ɓarke a 2022, sai aka ga irin waɗannan jarirai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, masu raino suna jijjiga su ana luguden wuta a sama. Italiya ta kai ga cewa a 2024 ta mayar da shi laifi ko da ɗan ƙasarta waje ya fita ya yi. Ingila ta halatta shi ba don riba ba, amma a dokarta wadda ta haihu ita ce uwa har sai kotu ta sauya, kuma ba a karɓar amincewarta sai jaririn ya yi sati shida. Masu wannan doka sun san abin da marubuciyar labarin nan ta kawar da kai daga gare shi: abin da mace ta yi alƙawari kafin ciki daban, abin da take ji bayan naƙuda daban.

Duba hanyar da kuɗin ke bi a duk waɗannan wurare. Daga mai shi yake tafiya zuwa ga marar shi. Ban taɓa jin matar attajiri ta ɗauki ciki don 'yar aikinta ba.

Sannan ga jiki. A labarin da na karanta, cikin yarinyar bai wuce kwaɗayin tsami da ɗan jiri ba, sai kyau da ta ƙara. Duk matar da ta taɓa zama a layin awo ta san ba haka ciki yake ba. Akwai laulayin da ko ruwa ba ya zama, akwai kumburin ƙafa, akwai hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, akwai zubar jinin da ke ɗauke ta cikin sa'a guda. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka wallafa a 2024, ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na masu cikin haya sun gamu da matsala mai tsanani, alhali a cikin waɗanda suka yi ciki ta hanyar da aka saba abin bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba. A Kanada ke nan, inda asibiti yake asibiti. Mu kuwa a nan, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a faɗin duniya 'yan Najeriya ne. A ƙasa irin wannan, wanda ya ce wa yarinya talaka ta ɗaukar masa ciki don kuɗi, ranta yake taya wa, ko ya sani ko bai sani ba. Allah da kansa ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni a cikin Suratu Luƙman. Ban ga yadda za a yi wa wannan farashi ba.

Malamanmu ba su yi wa mas'alar riƙon sakainar kashi ba, kuma tarihin yadda suka tattauna ta ya shafe mu kai tsaye. Tun bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a wajen mahaifa, aka fara tambaya. A 1980 fatawa ta fito daga Masar cewa dashen ya halatta matuƙar ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, auren kuma yana nan. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ɗan buɗe wata ƙofa: ta ce ana iya dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta, tunda mijin ɗaya ne. Shekara guda bayan haka, a 1985, majalisar ta janye wannan izini, saboda kishiyar tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane wane ɗa ne na wa, nasaba ta cakuɗe, gado ya rikice. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta aron mahaifa. Iran ce fitacciyar ƙasar Musulmi da ta ɗauki wata hanya ta halatta shi. Ayar da ake yawan kawowa ita ce ta biyu a Suratul Mujadala, wadda ta ce iyayensu mata ba kowa ba ne face waɗanda suka haife su.

Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne kwatanta shi da shayarwa. Musulunci ya yarda a ɗauki mai shayarwa a biya ta ladanta. Amma kuɗin ba ya goge ta. Ta zama uwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwan yaron, aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Har gobe yaranmu na Islamiyya sun san sunan Halimatus Sa'adiyya, kuma littattafan tarihi sun kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shimfiɗa wa 'yarta Shaima'u mayafinsa bayan yaƙin Hunaini. In nono kaɗai ya ba mace wannan matsayi, ina ga wadda jininta ya ciyar da yaro wata tara? Ita yarjejeniyar haya, abin da ake biya a cikinta bai tsaya ga ɗaukar ciki ba, har da ɓacewar matar bayan ta haihu. Wannan sharaɗin ne zuciyata ta ƙi.

Akwai kuma mace ta biyu da labarin ya zalunta, ita ce mamaciyar. Shekara tara tana shan allurai da gori, ƙwanta ne ya zama yaron, amma daga babi na goma ta koma hoto a bango, daga baya ma aka sauke hoton don amarya ta sake. An nuna mana baƙin cikin mijin kamar zazzaɓi ne, sabuwar soyayya kuma maganinsa. Wanda ya taɓa rasa nasa ya san ba haka abin yake ba. Na zauna da ƙanwar mahaifiyata lokacin da take takaba, wata huɗu da kwana goma a kan tabarma ɗaya, carbi a hannu, ba kwalli ba turare. Ranar da ta fita takaba an yi sadaka, an ce ta yi wanka ta sa sabon zane, ta sa. Bayan shekara biyu ta yi wani auren, mijin mutumin kirki ne, tana kuma son sa. Amma har yau in ta dafa miyar kukar da marigayi yake so sai ta yi shiru na ɗan lokaci a bakin murhu. Son na biyu bai kori kewar na farko ba, zama suka yi tare a zuciya ɗaya. Da marubutanmu za su rubuta wannan, da sun fi kusa da gaskiya, da kuma labarin ya fi daɗi. Na yarda ƙwarai so yana iya tsirowa a inda ba a zata ba, har a gidan makoki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da shi tsintsiyar share duk tambayar da ta yi wa marubuci nauyi.

Ba na so a fahimce ni a matsayin mai jifan waɗanda rashin haihuwa ya kai su ga tunanin wannan hanya. Su ne ma na fi jin tausayi, kuma mu ne muke tura su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe suna faɗin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun matsalar namiji. Amma a gidajenmu wa ake kira juya? Wa ake ce wa tana cika masai? Wa ake kai wa gidan mai magani, a ba ta jiƙe-jiƙe da rubutu da hayaƙi, mijin kuwa ko gwajin asibiti an ce raini ne a ce ya yi? Amarya ta shekara ɗaya, dangin miji sun fara leƙen cikinta. Ta shekara uku, an fara kawo masa hotunan 'yan mata. A gidan suna a miƙo mata jariri a ce "Allah ya kawo naki," da muryar da ta fi zagi ciwo. Duk mun san ayar Suratush Shura da ta ce Allah yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya sanya wanda ya so bakarare. Muna karanta ta a salla, mu fito mu ci gaba da gori. Matar da aka yi wa haka shekara goma, in aka ce mata ga wata hanya a Legas ko Abuja, kuɗi ne kawai, kada wanda ya yi mamaki in ta sayar da gwala-gwalanta.

Kuma Najeriya ta daɗe babu wata dokar tarayya da ta keɓanta da wannan harka, alhali ana yin ta, ana ma tallata ta a intanet. Afirka ta Kudu tun a dokar yara ta 2005 ta ce sai babbar kotu ta tabbatar da yarjejeniya kafin a yi dashe, ta kuma hana ciniki a kai. Mu kuwa ƙasa ce da jami'an tsaro suka sha kai samame gidajen da ake tsare 'yan mata ana yi musu ciki ana sayar da jariran. Inda babu doka, mai kuɗi da dillali ne suke rubuta tasu, yarinyar kuma ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. Ra'ayina shi ne a hana hayar mahaifa don kuɗi, a fito fili a hana, a kuma hukunta dillalai. Kuɗin da hankalin da za a kashe, a karkatar da su ga sauƙaƙa gwaji da magani ga miji da mata, har da dashen da malamai suka halatta, wanda a yanzu sai mai miliyoyi.

Mu ma fa muna da tamu tsohuwar hanyar, ko da yake ba ta rasa nata tabo. Matar kawuna, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Da amaryarta ta haifi ɗa na biyu, ranar da aka yaye shi, ita da kanta ta ɗauko shi da 'yan kayansa a ƙullin zane ta shigo ɗakin Inna. Ina nan zaune, ban fi shekara tara ba. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga ɗanki nan." Inna ta kasa magana, sai ta kwance zanen goyo daga kan ƙofa, wanda ta ajiye shekara da shekaru tana goya 'ya'yan maƙwabta, ta sa shi a baya. Daren nan yaron ya yi ta kukan nono, uwar tana jin sa daga ɗakinta, ita ma tana kuka, da safe idanunta sun kumbura. Ba zan ce abin bai yi mata ciwo ba. Amma ɗakinta yana nan taku goma, yaron ya tashi ya san wadda ta haife shi, ya san wadda ta raine shi, sunan ubansa bai canza ba, ba a kuma ba kowa ko sisi ba. Na san akwai 'yan riƙon da aka mayar bayi a gidajen dangi, na san akwai uwayen da aka karɓe wa ɗan fari da sunan kunya ba da son ransu ba, waɗannan ma abin a rubuta ne. Sai dai ko a mafi munin riƙo, ba a taɓa cewa uwar ta sa hannu ta ɓace ba.

Don haka ba cewa nake marubutanmu su guji wannan jigo ba. Tun daga shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suke taɓo abin da ake jin nauyin faɗa a zaure: auren dole, kishi, saki, karatun 'ya mace. An zage su, an ma taɓa ƙona wasu a bainar jama'a, amma sun sa mata da yawa sun ga rayuwarsu a rubuce. Alƙalamin da ya iya wancan zai iya wannan. Ina so in karanta labarin da matar gida ba ta mutu ba, tana raye, ta karɓi ɗan, tana son sa, tana kuma fama da tsoron ranar da zai tambaya. Ina so a bi yarinyar zuwa gidansu, a nuna mini wa ya dafa mata ruwan wankan jego, me ta ce wa maƙwabta da suka ga ciki ba su ga goyo ba, yaya ta yi da rigarta da ke jiƙewa duk lokacin da jaririn wani ya yi kuka, ina take ranar suna. In so zai shigo, ya shigo, amma ya same ta a matsayin mutum mai dangi da tarihi, kada ya zama ladan da aka ba ta don ta yi haƙuri.

Jiya 'yar wan nawa ta zo gaishe ni, tana zama ta ce, "Gwaggo, ya kika ga labarin? Ai ƙarshen ya yi daɗi ko?" Na ce mata ya yi, sannan na tambaye ta mahaifiyar yarinyar fa, wadda don jinyarta aka shiga duk wannan, ta warke? Ta ɗauko waya ta yi ta ja da yatsa, ta koma baya babi bayan babi, har shayinta ya huce. Can ta ɗago ta ce, "Gwaggo, tun babi na uku ba a sake ambatonta ba."